Sai Ka Turo Murya

Ka-Tabbata ake ce masa, don ko ka ce masa rana ta fito sai ya leƙa tukuna. Mai gyaran waya ne. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasa, da kwalin matattun wayoyin da masu su suka manta da su. Matarsa kan ce ko ruwa ta miƙo masa sai ya shinshina.

Shi ke riƙe da zauren masu sana'a na unguwar a intanet, inda kafinta da tela da mai fenti ke samun aiki. Da can ƙofa a buɗe take. Sai asusun bogi suka yi musu dirar mikiya: hoton sata, suna mai daɗi, saƙo iri ɗaya kamar an buga da hatimi, wasu ma ba mutum a bayansu, na'ura ce ke zuba. Ranar da ɗaya ya yaudari ƙanwarsa, Ka-Tabbata ya ɗauki tsintsiya. Ya kafa doka cewa duk mai son zama a zauren ya turo murya, ya faɗi sunansa da sana'arsa. Wanda ya yi shiru, waje. Gaskiya zauren ya yi fes, shi kuma kansa ya fara kumbura.

Saura asusu ɗaya, na wani mai walda. Hotunan ƙofofi da tagogi ne masu kyau, kyawun da ya yi wa Ka-Tabbata yawa. Ya nemi murya, aka amsa masa a rubuce: "Don Allah a bar ni haka. A nan nake samun abin da nake ci da iyalina." Ya kira, ba a ɗauka ba.

"Kin ji irin tasu," ya ce wa matarsa. "Da an matsa musu sai su jawo iyali."

"In kuma mutum ne fa, maigida?"

"Mutum ba shi da baki ne?"

Ya cire shi, ya kuma sanar a zaure a yi hattara da lambar. Waɗanda suka ba mai waldar aiki duk suka janye.

Ba a jima ba, wata rana da hantsi shago cike da masu jiran wayoyinsu, wani dogon mutum ya tsaya a bakin teburi, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Ka-Tabbata ya jawo wayoyin kusa da cikinsa. Mutumin ya buɗe baki, magana ta maƙale. I'ina ce mai tsanani, irin wadda take murɗa wa mutum wuya kafin kalma ta fito. Wani ya kawar da kai, wata ta danne dariya da gefen mayafi.

Nan Ka-Tabbata ya gane mai waldar da ya cire ne. Kunya ta lulluɓe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ya isa, ɗan'uwa, na gane. Yanzun nan zan mayar da kai."

Mutumin ya ɗaga masa hannu, alamar ya dakata. Ya ci gaba da kokawa, gumi na bin fuskarsa, har ya fitar da sunansa, sannan sana'arsa. Ba wanda ya motsa. Da ya gama bai jira amsa ba, ya juya ya kama hanya.

Ka-Tabbata ya tura masa gayyatar komawa zauren tun bai kai bakin titi ba. Har yau ba a karɓa ba.