Baftisma da Ruwan Aro

Mun tashi da asuba, ladanin unguwarmu bai ma sauke hannu daga kunne ba, ni da Babana da wani baƙon malami da ya zo mana daga ƙasar Yarbawa. Ku da kuka tsare ni a ƙofar majami'a kuna son jin yadda tafiyar ta kaya, ga labarin nan, in ya so ku bar ni in huta.

Bari in fara da baƙon. Fasto ne, yana koyarwa a makarantar da 'yan Baftis ke horar da masu wa'azi can kudu. An aiko shi ya zaga ƙananan ikilisiyoyin da suka tsiro a bakin hanyar jirgi, ya koya wa masu ja-gorar sujada karatun Littafi Mai Tsarki, ya ji daga bakin tsofaffi yadda kowace ikilisiya ta faro, ya kuma yi baftisma ga waɗanda suka shirya. Wannan na ƙarshen shi ne ya shafe ni. Kun san mu ba a yi wa jariri, sai mutum ya girma ya faɗi bangaskiyarsa da bakinsa. Kuma ba yayyafi ake yi ba, nutsar da mutum ake yi ɗungurungum har gashin kai. Wanda ba a nutsar ba, mazauninsa bencin yara, ba ya cin Jibin Ubangiji. Ni kuwa na fi ƙofar gidanmu tsawo, amma kowace Lahadi ina naɗe a wannan benci, gwiwoyina na gaisawa da haɓata, 'yan yaye na share hanci da rigata. Ba mu da fasto namu, kuma babu wanda ya san ranar da wani zai sake biyowa. In wannan ya koma bai nutsar da ni ba, a bencin nan zan yi furfura.

To ga inda aka samu matsala. Malam ya taso a ƙasar da rafi ba ya hutu. Da suka zauna can suna tsara tafiyar, sai suka ce ya zo kafin damina, don kada ruwan sama ya hana taro. Shi ya sa ya sauka Zariya a tsakiyar bazara. Washegarin zuwansa ya ce a kai shi Kubanni ya duba wurin baftisma. Muka kai shi. Ya tsaya a tsakiyar rafin, takalminsa a bushe ƙayau, yana waige-waige yana tambayar ina rafin yake. A kogin Galma akwai ɗan ruwa iya ƙwauri wanda shanu suka dama, ga shi dattawanmu na tsoron kada Joji, Baturen shari'a, ya ji an yi taro kusa da gari. Sai Baba ya yanke shawara mu bi Malam a zagayensa har Rahama, inda wani ɗan kamasho ya rantse masa akwai ruwa. Ni kuma aka ɗora mini tafinta, tunda ina jin harshen Malam, shi kuwa Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba.

Daga Tudun Wada zuwa tasha a ƙafa muka taka. Mata sun fara shigowa da itace, masu koko sun kafa tukwane. Ƙosan tasha kuwa ban san me ya same shi ba: wanda ake ba mu a unguwa na anini ya yi biyunsa, kuma mai tuyar tana miƙo shi kamar kyauta take yi. Baba tela ne, bai taɓa sayen ko allura babu ciniki ba, ya tsaya ciniki da ita, sai da jirgi ya yi kuka sannan ya haƙura.

Ƙaramin jirgin Bauchi muka hau. Wanda bai taɓa hawansa ba, kada ya yi baƙin ciki, in dai ya taɓa zama a inuwa ya ga kamarsa. Wata tsohuwa mai jan akuya ta wuce mu, ta tsaya akuyar ta yi kiwo, ta sake wuce mu, har muka saba muna gaisawa. In an zo tudu sai jirgin ya yi ta nishi kamar mai naƙuda, maza su sauka su taka a gefe don a rage masa nauyi. Tartsatsin wutarsa na shigowa ta taga, kafin azahar farar rigar Malam ta zama rariya. Bai damu ba. Ya sa ni gaba da tambayoyi, wai yana so ya tabbata na san abin da nake nema. Ya ce me nutsarwar take nufi. Na ce binne tsohon mutum ake yi tare da Almasihu, a taso da sabo. Ya gyaɗa kai. Ya ce wane hali ne na tsohon mutumin nake so a binne. Kafin in buɗe baki Baba ya fara lissafo masa, bai gama ba har muka shiga Soba.

A Soba ikilisiyar ba ta fi cikin rumfa ɗaya ba: masu awon gyaɗa, wani makaniken jirgi, da iyalansu. Malam ya zaunar da masu iya karatu, ya ce kowa ya karanta aya ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa, ba haddar aku ba. Hanyarsa mai kyau ce, sai dai in ya fara bayani ba ya sanin inda zai ajiye. Zai yi magana har kaza ta gama kiwo ta koma akurki, ni kuwa in juya in ce wa jama'a, “Ya ce ku so juna.” Mutane suka yi ta yaba Hausa da iya taƙaita zance. Na manta Baba yana jin harsunan biyu. Kunnena na hagu har yau bai koma daidai ba.

Da aka zo tarihin ikilisiya, nan aka sha kallo. Tsofaffi biyu suka miƙe, kowa na cewa a zaurensa aka fara addu'a. Ɗaya ya ce shi ya kawo tabarma, ɗayan ya ce tabarmar aronta aka yi a gidansa. Suna cikin haka wata dattijuwa daga baya ta ce, ba tare da ta daina ɓarar gyaɗa ba, “A madafina aka fara. Ku biyun ƙamshin miya ya kawo ku.” Malam ya ce in fassara masa wannan kaf, kada in rage ko harafi.

Ruwa kuwa babu. Rijiyar garin layi ake yi mata tun duhu, kududdufi ya tsage kamar ƙafar manomi. Wani mai son taimako ya ce ai akwai marina, ramukanta na da zurfi, a tsoma ni a can. Abin da ya ba ni tsoro shi ne Baba bai ce a'a nan take ba, sai da ya tsaya yana dubana, kamar mai auna yadda shuɗi zai karɓe ni.

Aka ba mu tuwon dawa da miyar kuka. Malam ya zaro ƙullin barkono daga aljihu ya zazzaga har miyar ta canja addini. Fura kam ta burge shi, ya sha ya ƙara, ya kwana yana yabonta.

Muka ci gaba, muka ratsa Dutsen Wai, ƙasa ta fara tashi, duwatsu suka fara yawa. Duk gadar da muka hau sai in leƙa, in ga yashi fari tas yana mini dariya. A Rahama mai masaukinmu wani tsohon helma ne, wato shugaban leburori, shi ke riƙe da 'yan masu bi na wurin. Muka tambaye shi ruwan da ɗan kamasho ya rantse a kai. Ya ce gaskiya ne, akwai ruwa, da kaka. Sa'an nan ya ƙara da cewa jirgin komawa gobe da hantsi zai wuce, kuma Malam ya riga ya gaya mana in ya rasa wannan ya rasa babban jirgin kudu. Na zauna a kan wani dutse, dariyar da na taho da ita tun Zariya ta ƙare.

Helma ya ce a tona yashin rafi, yadda ake yi ko'ina da rani, ruwa zai tsatso. Sai dai ramin ɗiban ruwa daban, ramin kwantar da mutum irina daban. Ya ce in kwanta a auna. Na miƙe a kan yashi, ya karyo kara ya gwada, kara ɗaya bai kai ba, aka haɗa da rabi. Maza suka kama haƙa da fartanya, dogon rami, daidai tsawona.

Can sai ga wani dattijo da buta a hannu, ya hango maza da kara da dogon rami. Ya sauko da sauri ya yi sallama, ya naɗe hannun riga zai karɓi fartanya.

“Allah ya jiƙan rai. Amma bayin Allah, wa ke binne mutum a rafi? Wa ya rasu?”

Ina gefe ina cin rogo. Na ce, “Ni ne, Baba. Sai dai ba a gama shiri ba tukuna.”

Ya dube ni, ya dubi ramin. Helma ya yi masa bayani. Ya jinjina kai ya ce shi dai bai gane ba, amma tunda ya riga ya naɗe hannu, a ba shi fartanyar. Ya fi kowa haƙa.

Ruwan ya fara tsatsowa a hankali, kamar ana roƙonsa. Aka ce a bar shi ya kwana ya taru. Da gari ya waye muka sauko da waƙa, ni a gaba cikin farar riga. Muna karyo kwana waƙar ta mutu a bakinmu. Matan ƙauyen sun riga mu. Sun tashi sun tarar da sabuwar rijiya a ƙofar gida, wadda ta hutar da su doguwar tafiya, sun jeru da tuluna da ƙwarya, sun kwashe ruwan tas. Abin da ya rage bai isa baftismar ƙadangare ba.

Helma ya fusata zai yi magana, Malam ya riƙe hannunsa. Ya ce in gaya wa kowa ba za a karɓe ruwa daga bakin mai ƙishi don a yi aikin Allah ba, in bai yiwu yau ba, Allah ya san inda nake. Wannan karon ban taƙaita ba. Na fassara duka, ko da yake na san kaina nake yanke wa hukunci.

Wata tsohuwa mai zanen saƙi, da alama ita ce babbarsu, ta sauke tulunta ta matso. Ta ce a gaya mata abin da ake ciki. Na gaya mata.

“Wato kai ne dogon da za a jiƙa.”

“Ni ne, Inna.”

“Shanye ruwan za ka yi?”

“A'a, shiga kawai zan yi in fito.”

“In ka fito ruwan na nan?”

“Yana nan.”

Ta juya suka yi ƙus-ƙus da sauran. Ta dawo da sharuɗɗa. Za su ba da aron ruwan. Amma sai na goge ƙafafuna tukuna, don ta ga irin abin da na taka. Ruwan in na fito ya zama na wanki da na dabbobi, saboda haka ramin ya zama nasu, ruwan sha kuwa za su jira sabon da zai tsatso. Kuma ni zan kai mata tulunta har gida. Baba ya buɗe baki zai yi ciniki bisa al'ada, Malam ya taka masa ƙafa.

Ɗaya bayan ɗaya suka juye tulunansu a ramin. Ruwan ya hau, ja-ja, mai sanyi kamar na randa. Malam ya shiga ya durƙusa, na zauna a gabansa. Ya tambaye ni bangaskiyata, na amsa da bakina, kuma ku yarda ko kada ku yarda, ban sa wasa ba. Ya kwantar da ni. Kaina ya nutse, gwiwoyina suka yi tsaye a sama kamar tsibiri biyu. Ina ƙarƙashin ruwa ban san abin da ake ciki ba, daga baya aka ba ni labari: Helma ya ce ba ta yi ba, Baba ya yi tsalle ya danne ɗaya, tsohuwar nan ta sa gindin ƙwarya ta danne ɗayar. Da aka ɗago ni na tarar 'yan'uwa na waƙa, matan na guɗa, Malam na share ido da rigarsa mai huji.

Kafin in gama tsane jiki sun fara mai da ruwansu cikin tuluna. Na ɗauki na tsohuwar. Ta ce gidanta nan kusa ne. Nan kusan nata yana bayan dutse, kuma a hanya ƙawayenta suka tuna su ma wuyansu na ciwo. Da ƙyar na iso tasha jirgi na shirin tashi, riga a jiƙe, ƙafa duk taɓo.

Mun iso Zariya da la'asar sakaliya, muka raka Malam babban jirgi. Ya ce zai gaya musu can makaranta duk wanda za a aiko arewa ya zo da kaka. Muka taka zuwa Tudun Wada, maƙwabcinmu mai sayar da goro ya yi mana barka da hanya, ya tambayi Baba ko an dace. Baba ya ce an dace, da taimakon jama'a.

Abin da na koyo bai da yawa. Kada ka yarda da rantsuwar ɗan kamasho a kan ruwa. Kada ka taƙaita wa'azi in mahaifinka na wurin. Babban kuwa shi ne wannan: matan nan ba addininmu ɗaya ba, ba su san sunana ba, amma a tsakiyar bazara suka juye ruwan yininsu a rami don wani yaro ya samu abin da ya zo nema. Da muka shiga gida Innata ta tambaye ni ko na ji na zama sabon mutum. Na ce na ji, sai dai sabon mutumin ya fara rayuwa da dakon tulu, a taimaka masa da man zafi.