Ɗorawar da Ke Gabas da Gidanmu

Shekarar da gero ya ƙi, ƙanena da ke aikin gadi a Kano ya aiko da tsohon faifan satalayit da ƙaramar talabijin da batir. Ya ce tunda Inna ta tsufa, Makka kuwa ta fi ƙarfinmu, ko a allo ta riƙa ganin ɗawafi. Ya ce mai kafawa zai zo daga Ɗambatta ranar kasuwa, in gyara wuri. Ya kuma ja kunnena cewa faifai ba ya son komai ya tare masa gaba.

Wannan magana ita ta hana ni sukuni. Ni mutum ne da nake sake alwala sau biyu in na yi shakka. Na ce a raina, abin da za a gani a Makka yake, to lallai faifai alƙibla zai kalla. Na tsaya a tsakar gida kamar mai shirin kabbara, na ɗaga ido. Ga ɗorawa a gabana, bayan danga, ta rufe gabas ruf.

Ɗorawar nan ta Inna ce. Da kalwarta take yin daddawa, da daddawar muke ganin miya a shekarun nan, har maƙwabta su ɗanɗana. Na je na durƙusa na gaya mata. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, ba ta musu da ni. Ta kalli ƙasa ta ce, "Wanda ya yi makaranta shi ya sani."

Aji shida kawai na yi. Ban tambayi kowa ba, ina tsoron mai kafawa ya zo ya tarar ban shirya ba, ya koma. Na kira masu gatari biyu. Kwana biyu suka yi suna sara, tana ɗauke da 'ya'ya ɗanyu.

Ranar kasuwa mutumin ya iso a babur. Ya kafa ƙarfe, ya ɗora faifai. Na nuna masa gabas da alfahari na ce, "Malam, ga hanya nan na buɗe maka."

Ya dubi kututturen, ya dube ni. "Baba, salla faifan zai yi?" Ya yi dariya. "Ai tauraron ba a Makka yake ba, a sama yake."

Ya karkata faifan wajen kudu, ya ɗaga bakinsa sama, can bisa rumbu inda ko reshe babu. Yana juyawa kaɗan-kaɗan yana duban allo, yana cewa, "Saura ƙiris." Sai ga hoto ya fito tar, mutane cikin fararen kaya suna zagaya Ka'aba. Ya ɗaure kusoshi. Na tambaye shi a hankali ko itacen zai iya tarewa da yana nan. Ya ce, "Ko kusa."

Inna ta fito, aka shimfiɗa mata tabarma. Ta kalla, ta yi salati, ta sa wa ƙanena albarka. Ni ba ta ce min komai ba, ran nan ko bayanta. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Batir ya mutu kafin damina biyu. Faifan yana nan, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Har Inna ta rasu, in ta idar da salla takan ɗaga kai ta kalli gabas, inda yanzu babu komai sai rana.