Mai Kek da Alewar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Mai Kek ta tsufa a bakin obin, har zafi ya cinye mata gira. Sai ga matar ɗanta ta zo yin alewa, ta goge kwakwa, ta kwaɓa da madara da garin cakulan, ta mulmula, ta jefa firji. Ɗan da ya girma da kek ɗinta yana ci yana lashe yatsu.

"Ɗanye kake ci kamar akuya?" in ji ta.

"Ɗanɗana mana, Mama."

Ta ƙi. Da suka fita ta kwaɓa nata don ta nuna musu, amma ranta bai yarda da abin da bai ga wuta ba. Ta zura a obin, ya narke ya kama tire.

Suka dawo suka tarar tana kankarar tire, kumatunta cike da na firjin.