Takardun Kakana a Mungadi

Da ɗiyar ƙanwata ta dawo Jega da digirinta, na tambaye ta abin da ta karanta. Ta ce tarihi ne da harshe, haɗe da kwamfuta. Na ce, "To, wane ofis ka ɗaukar mai wanga karatu?" Ta yi dariya ta ce, "Kawu, raka ni Mungadi ka gani."

A gidan kakana ta sa aka fito da tsohuwar adakar takardunsa. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a zaure tana ɗaukar hoton kowace takarda, ni kuma ina karanta mata ajamin da ya gagare ta. A ciki muka sami wasiƙar da ƙanensa ya aiko daga Aliero, yana koya masa yadda ake ajiye albasa har damina ba ta ruɓe ba. Ban taɓa sanin kakana ya noma albasa ba.

Yanzu wani ɗakin karatu ya ɗauke ta, tana bin ƙauyuka tana wannan aiki. Duk zuwanta gida sai na zaunar da ita na ji abin da ta tono.