Yaro Mai Uba Uku

Ni ne sakaran labarin nan, kada wani ya wahala da nema. Aji huɗu na yi a firamare, na yi masinja a ƙaramar hukuma, shi ke nan na naɗa kaina lauyan ƙauyenmu.

Da damina ta faɗi, ɗana Audu ya ɗaure kaya ya ce mu koma Zuru tun da sauran numfashi, kafin 'yan bindiga su iso mu. Na tara jama'a gindin mangwaro na yi musu lacca. Na ce mu 'yan Najeriya gata ya yi mana yawa: ga ƙaramar hukuma, ga jiha, ga tarayya. Yaro mai uba uku wa zai taɓa shi? Har tafi aka yi mini. Audu ya kwance kayansa.

Ranar Talata, ƙarfe bakwai na safe, ina shan kunu ina murɗa rediyo. Matata Hajo tana wanke tukwane. Bakwai da rabi muka ji babura ta wajen rafi. Rafin nan shi ne iyaka, tsallakensa wata jiha ce. Sai harbi.

"Ku kwanta! Ina shanun?"

Na faɗa cikin dawa, waya a hannu. Na kira kansila, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai jiha. Na kira wani da na sani a jiha, ya ce bindiga ta tarayya ce. Tarayya kuwa ba ni da lambarta.

Ƙarfe tara rumbuna suka kama da wuta. Ƙarfe goma maharan suka kora shanu suka haye rafi. Da azahar motoci biyu na jami'an tsaro suka iso. Suka bi sawu har bakin ruwa, suka tsaya. Wai nan izininsu ya ƙare. Ruwan ko gwiwa bai kai ba.

Audu a bayan gida muka same shi, inda ya tsaga danga mata suka fice. Muka rufe shi kafin la'asar. Muka taka zuwa Dirin Daji, ni da takalmi ƙafa ɗaya. Washegari mota ta sauke mu Rikoto cikin Zuru, gidan ƙanwata.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ran sadakar bakwai na gyara zama, na fara yi wa masu ta'aziyya bayanin wanda tsaro ke hannunsa a tsarin mulki. Hajo ta ajiye tiren abinci, ko kallona ba ta yi ba.

"Malam, cikin uban naka uku, wanne ya zo maka gaisuwa?"