Bindigar Surukin Bello Tela

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna tambaya me ya sa ba na barin kowa ya shiga sahu sai na duba bindigarsa da hannuna. Dalilin wata ranar Laraba ce a Kajiji, bayan girbin gero, wadda har yau ba ta bar raina ba.

A lokacin na yi ritaya daga aikin soja da muƙamin saje, sai wani kwamitin tsaro na al'umma ya ɗauke ni in horar da 'yan sintiri na yankin Shagari da Bodinga. Mutanen manoma ne da 'yan kasuwa. Bindigoginsu na toka ne, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wanda bai san ta ba ya sani: ba a gane tana da ɗuri ko babu da ido. Shi ya sa ƙa'idarmu ta farko ita ce, kafin kowa ya taɓa albarushi, sai malamin horo ya zura sandar ɗuri ya tabbatar bututun fanko ne. Idan aka yi ɗuri a kan ɗuri, bindigar ba gaba take harbi ba, a hannun mai ita take fashewa.

Cikin ɗalibaina akwai Bello, tela ne a kasuwar Bodinga, mutum mai natsuwa, da ɗinkin yake ciyar da gidansa. Ba shi da bindiga tasa. Ranar rufe horo sai surukinsa, Baba Umaru, tsohon maharbi, ya ara masa tasa, ya kuma biyo shi a babur don ya ga bikin.

A nan matsalar ta fara. Maharban ƙasarmu ba sa ajiye bindiga fanko, kullum da ɗuri take rataye. Baba Umaru ya san haka, amma ya ji labarin cewa Saje yana duba kowace bindiga kafin harbi, don haka bai ce komai ba. Shi kuma Bello, kun san yadda ake da suruki: ko ido ba ya haɗawa da shi, balle ya tambaye shi ko bindigarsa na da ɗuri, balle ya zura mata sanda a gabansa kamar yana tuhumar dattijo da sakaci. Ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa ya yi godiya.

Na fara duba bindigogi daga farkon sahu, ban kai rabi ba sai ga sakataren kwamiti da sauri. Ya ce babban baƙo ya iso, yana da wani taro a Sakkwato, a yi ɗuri a harba masa gaisuwa yanzu. Na ce masa ban gama dubawa ba. Ya ce ai jiya ma an duba. Na ce jiya daban, kuma akwai bindigar da yau ta shigo filin nan, na nuna ta Bello.

Ya dubi Baba Umaru da ke zaune a inuwa, ya rage murya.

"Saje, wannan dattijon tun ba a haife ka ba yake harbi. A gaban jama'a za ka binciki bindigarsa? Kar ka kunyata mu."

"Yallaɓai, ba shi zan bincika ba, ƙarfe zan bincika."

Ya ce nan ba bariki ba ne, kuma shi ya ɗauke ni aiki. Na ce to a cire Bello daga sahu. Ya amsa da to, ya ce in je in jera mutanen ɗaya gefen, waɗanda za su yi maci. Na tafi bisa wannan alkawari. Ina juya baya ya ce wa Bello ya koma wurinsa, wai sahu ba zai yi kyau a hoto da giɓi ba. Shi da kansa ya ba da umarnin ɗuri, mutumin da bai taɓa riƙe bindiga ba.

Ƙarar da na ji ta bambanta da sauran, kuma kafin in juyo na san ta wace ce. Bello yana ƙasa, bututun ya tsage, hannunsa na dama ya rasa babban yatsa da manuni. Muka ɗaure hannun da rawanin wani, muka sa shi a mota zuwa asibiti. Baƙon ya yi addu'a ya wuce taronsa.

A asibiti Baba Umaru ya riƙe min riga.

"Ɗana, ni na ɗauka kun zazzage ta. Mi ya hana shi tambayata?"

Shi ma ya san abin da ya hana.

Abin da ya fi ƙona min rai ya zo bayan kwana biyu. A zaman kwamiti sakataren ya ce tsautsayi ne, kuma Bello bai bi ƙa'ida ba. Na miƙe na faɗi yadda aka yi, daki-daki, ban ɗaga murya ba. Aka ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na ce na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ce a mayar da mutum sahu saboda hoto ba. Daga wannan zama ba su sake kirana aiki ba.

Bello bai koma ɗinki ba. Ƙafarsa tana iya taka keken ɗinki, amma hannun ba ya riƙe almakashi. Yanzu albasa yake sayarwa a bakin tasha, in na wuce ya gaishe ni da hannun hagu, bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Wannan ma yana ba ni haushi.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba jahilcin bindiga ke raunata su ba. Kunya ce da girmama na gaba, halaye masu kyau, waɗanda bindiga ba ta san da su ba. Aikin malamin horo shi ne ya yi tambayar da suruki ba zai iya yi wa suruki ba. Saboda haka duk inda na tsaya horo, da bindigar wanda ya fi kowa tsufa nake farawa, a gaban kowa. In ransa ya ɓaci, ya ɓaci da ni, ya koma gida da yatsunsa.