Yana Ji Ko Ba Ya Ji?

Shekarun baya, a daminar da na dawo gida daga bautar ƙasa ina zaman jiran aiki, wani abu ya faru a gidanmu wanda har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Na daɗe ina son ba ku labarin ina fasawa, don ina gudun ƙara gishiri ko faɗin abin da ban tabbatar ba. Saboda haka iya abin da idona ya gani kuma kunnena ya ji zan faɗa.

Ƙauyenmu yana gefen Minjibir, irin wuraren nan da gona ke manne da gona, sai layin ciyawar gamba ne ke nuna maka inda taka ta ƙare ta wani ta fara. Ilimin halittu na karanta a jami'a, kuma iyakar abin da na taɓa feɗewa kwaɗo ne da ɓera. Amma mutanen garinmu ba ruwansu, Likita suke ce mini. Mai ciwon haƙori wurina, mai akuyar da ta ƙi kiwo wurina. Ni kuma kowa amsa ɗaya nake ba shi: mai yiwuwa kaza ne, mai yiwuwa kuma ba shi ba ne, gara dai a je asibiti.

Mahaifina da yayansa, wato baffana, gona ɗaya suka gada aka raba musu biyu. A kan iyakar akwai wata tsohuwar ɗorawa da kakarmu ke yin daddawa da kalwarta tun suna yara. Bayan rasuwarta baffana ya fara ƙorafin inuwar tana kashe masa gero. Wata rana da rani ya kira masu gatari suka kayar da ita, bai shawarci kowa ba. Mahaifina bai yi faɗa ba. Ya je ya tsaya a kan kututturen, ya dawo gida, bai ƙara taka wannan kusurwar gonar ba. Daga ranar ba abin da ke haɗa shi da yayansa sai sallama a ƙofar masallaci. Aka kwashe shekaru a haka.

A waccan daminar, ana tsakiyar noman farko, mahaifina ya yanke jiki ya faɗi a gona da hantsi, fartanya a hannunsa. Dama yana da hawan jini. Muka kai shi asibiti a Kano. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, daga baya suka ce abin ya taɓa ƙwaƙwalwa, mu koma gida mu ci gaba da jinya da addu'a. Na bi babban likitan har bakin ƙofa na tambaye shi ko mahaifina yana jin abin da ake faɗa. Ya dube ni ya ce gaskiya ba wanda zai iya ba ni tabbaci.

Muka dawo da shi ɗakinsa. Yana numfashi, in an ɗiga masa koko da cokali yana haɗiyewa, idanunsa a ɗan buɗe amma ba sa bin kowa. 'Yan dubiya su shigo su yi addu'a, sai kuma su ɓarke da hirar ruwa da tsutsar da ta faɗa wa wake, a kansa, kamar ba ya wurin. Mahaifiyata ce kaɗai ke yi masa magana. "Malam, an yi ruwa jiya har kwalbatin nan ta cika." "Malam, buɗe baki, ga koko." Ni kuwa tausayinta nake ji, na ɗauka zuciyarta take rarrashi. Na yi imani da rai kamar kowane Musulmi. Amma abin da na karanta ya nuna mini tunani aikin ƙwaƙwalwa ne, ga kuma ƙwaƙwalwar ta samu rauni. In na zauna ina kallonsa sai in rasa da wa nake zaune, da mahaifina ko da gangar jikinsa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, sai dai ya hana ni sakat.

Baffana kullum sai ya zo, amma a zaure yake tsayawa, ya tambayi mai jiki ya juya. Rannan bayan la'asar sai na gan shi har tsakar gida, a tsaye daidai ƙofar ɗakin. Ya yafito ni.

"Likita, tambaya ɗaya zan yi maka. Yana ji ko ba ya ji?"

Na ce, "To, Baffa, abin yana da ɗan wuyar sha'ani. Akwai waɗanda aka ce suna ji, akwai kuma waɗanda wataƙila ba sa ji. Ya danganta da wurin da abin ya taɓa. Mai yiwuwa…"

"Kai ɗan nan! Duk shekarun da ka yi a makaranta ba a koya muku e ko a'a ba ne?"

Sai ya rage murya ya ce ya je wurin Liman, Liman ya gaya masa haƙƙin da ke tsakanin mutum da mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. "In yana ji, in shiga in roƙe shi. In ba ya ji, to na makara, sai mun haɗu a can." Da ya ce a can, sai na ga tsoro a fuskarsa. Dattijo ne da ban taɓa ganin ya ji tsoron komai ba.

In na ce yana ji, na faɗi abin da ban sani ba. In na ce ba ya ji, na rufe masa ƙofa, kuma wataƙila a kan kuskure. Daga ƙarshe na ce, "Baffa, wallahi ban sani ba. Amma mu shiga."

Mahaifiyata ta ba mu wuri, ta koma madafa. Baffana ya tuɓe takalmi, ya ƙi kujerar da na jawo masa, ya zauna a ƙasa dirshan kusa da gadon ƙanensa. Sannan ya ce, "Auta."

Ban taɓa jin an kira mahaifina haka ba. Mutum mai furfura har a gemu, amma shi ne autan kakarmu, kuma ashe haka yayansa ke kiransa suna yara.

"Auta, ni ne. A kan ɗorawar Inna na zo. Na yi ba daidai ba, tun ranar na sani, girman kai ne ya hana ni zuwa." Ya share fuska da hannun riga. "Kuma akwai abin da ba ka sani ba. Kututturen nan ya yi toho, damina biyu ke nan. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, yara sun ɗauka tarin ƙaya ne kawai na jibge. Tohon ya yi yawa, har ya kai ƙuguna. Na so in zo in ce maka ka je ka gani, kunya ta hana. Ka yafe mini, don Allah."

Ni kuma na kafa wa fuskar mahaifina ido, ina kallon fatar idonsa, da yatsunsa, da tashin ƙirjinsa. Ba abin da ya motsa, ko numfashin bai sauya ba. Wani ƙuda ya sauka a goshinsa na kore shi. Baffana ya jira, ya ƙara jira, sannan ya dafa gwiwa ya tashi. A bakin ƙofa ya ce mini, "Ba komai, Likita. Na dai faɗa." Na bi bayansa da kallo, ina jin kamar na sa dattijo ya zubar da hawayensa a banza.

Aka yi maimai, gero ya yi ciki, ya fara fitar da kai. Wajen lokacin ne mahaifiyata ta ce mahaifina ya matse mata yatsa. Na ce mata mai yiwuwa jijiya ce ta harba. Bayan 'yan kwanaki idanunsa suka fara bin mai shigowa. Sai gurnani, sai kalmomi a karkace waɗanda ita kaɗai ke ganewa.

Wata safiya ina goge masa fuska da tsumma da ruwan ɗumi sai ya kama bakin rigata da hannun da ke motsi. Na sunkuya. Da ƙyar, kalma na jan kalma, ya ce, "Gaya wa Yaya ya rage tohon. Ya bar ɗaya mai ƙarfi. In ya bar su duka, ba za ta zama bishiya ba."

Tsumman ya suɓuce daga hannuna. Na ce, "Baba, wane toho?"

"Na ɗorawa mana. Wanda ya kai ƙugunsa." Ya huta. "Kuma ƙaya ba ta hana awakin gidan Liman. Ya ƙara da kara."

Kun san halina, sai da na bi duk wata kafa da labarin zai iya shigowa ta cikinta. Na tambayi mahaifiyata, ta ce wane toho, ita ba ta da labari. Ƙannena ma haka. Baffana ya rantse ba wanda ya gaya wa sai a ɗakin nan, ni kuma ban maimaita wa kowa ba, don na ɗauka sirrinsa ne. Mu uku ne a ɗakin ranar, ɗayanmu kuma shi ne wanda nake shakkar ko yana nan.

Da aka kira baffana ya zo har yana tuntuɓe a zaure. Mahaifina ya dube shi ya ce, "Yaya, ai tun a ranar na yafe. Na amsa maka, bakin ne ya ƙi fita da ita." Abin da ya biyo baya ba zan iya rubuta shi ba. Na fita na bar su.

Bayan ya ƙara samun sauƙi, muna zaune a inuwa da rana, na yi ta-maza na tambaye shi yadda abin yake. Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ka taɓa shiga rumbu ɗebo hatsi aka manta aka rufe bakin?" Na ce na dai taɓa shiga. Ya ce to kamar haka. Kana ciki, kana jin muryoyi a waje, wani lokaci kusa, wani lokaci can nesa, wani lokaci kuma ba komai. Ya ce ba duk abin da aka faɗa ya ji ba, amma abin da ya ji, ya ji shi sarai.

Na ce, "Ba ka ji tsoro ba?"

Ya ce a'a, kuma wannan ne ya fi ba shi mamaki. "Ina nan ɗungurungum, ba abin da ya ragu a cikina. Hannu ne da baki na aika suka ƙi zuwa. Ban ji ni tsoho ba, ban ji ni marar lafiya ba. Da Yaya ya ce Auta, wanda ya amsa a ciki shi ne dai wanda ke amsawa tun muna tsintar ɗorawa a bayan Inna. Ko kwana ɗaya bai ƙara ba." Sai ya kalle ni ta gefen ido, bakinsa a ɗan karkace, ya ce, "Kai ma na ji ka a bakin ƙofa. Wataƙila, mai yiwuwa, ya danganta. Har a can ka gundure ni."

Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka ne na dariya ba.

Mahaifina ya ƙara wasu shekaru yana dogara sanda, sannan Allah Ya karɓi abinsa. Ranar da muka yi masa wanka na kalli jikin nan da na yi ta jinya, na san shi gaɓa-gaɓa, amma a karon farko ban rikice ba. Na riga na ga lokacin da jikin ya daina aiki kusan gaba ɗaya alhali mai shi yana nan bai ragu ba. Ba zan ce wannan hujja ce da za a kai ɗakin gwaji ba. Abokina da ya karanci likitanci ya ce mini ana samun irin haka, akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa da kan tsira, kuma ban musa masa ba. Sai dai bayaninsa ya gaya mini ta inda maganar ta shiga ne, bai gaya mini wane ne ya karɓe ta ya yafe ba. Malamanmu sun ce abin da aka sanar da mu game da rai ɗan kaɗan ne. A da ina jin wannan kamar an rufe mini baki. Yanzu in na ji, sai in ji wani irin kwarjini, kamar na tsaya a bakin rijiyar da ban ga ƙasanta ba.

Abu ɗaya dai ya sauya a halina. In na je dubiya na tarar da wanda aka ce ba ya cikin hayyacinsa, nakan yi masa sallama shi kansa, in faɗa masa sunana, in ba shi labarin ruwa da gona. Wasu sukan dube ni kamar na zautu. Ba na ce musu yana ji, don ban sani ba.

Ɗorawar kuwa baffana ya rage tohon ya bar ɗaya, ya ƙara da kara kamar yadda aka aiko masa. Yanzu ta wuce tsayin ɗaki, ta fara 'ya'ya. Bara da na je gida na same shi zaune a gindinta, geron da ke kewaye da shi duk ya tsumbure saboda inuwa. Na ce, "Baffa, ga shi tana kashe maka gero kuma."

Ya ɗaga kai ya dubi rassan ya ce, "Bar ta ta kashe. Ta Auta ce."